Na'urar daidaita zafi a ɗakin mai yogot: nazarin wani aikin haɗa waya da saiti

Lamarin da za a duba a nan ya shafi wata Hajiya da ke yin yogot a gidanta a cikin birnin Kano, tana ɗurawa a goruna ana rarraba wa shagunan unguwa. Hanyar aikinta ita ce wadda yawancin masu wannan sana'a suka sani. Takan dama madarar gari, ta ɗora a wuta har ta yi zafi sosai, ta sauke ta bar ta ta huce zuwa inda yatsa zai iya jurewa, sannan ta zuba iri daga yogot ɗin da ya gabata, ta rufe bokitin mai cin lita 20, ta naɗe shi da bargo ta bar shi ya kwana. A damina wannan tsari yakan fitar da ita kunya. Amma idan hunturu ya shigo, a watannin Disamba da Janairu da sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, sai ta wayi gari madarar ba ta kama ba, ko ta kama sama-sama tana yauƙi. Idan kuma bazara ta kankama, sai yogot ɗin ya yi tsamin da masu shago ke dawo mata da shi, ruwa ya kwanta a samansa. Koke biyu ke nan, kuma kamar yadda zai bayyana, tushensu ba ɗaya ba ne, ko da yake ita da iyalinta sun ɗauka magani ɗaya zai warkar da su.

Abin da ke mayar da madara yogot ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, waɗanda ke cin sukarin da ke cikin madara su fitar da tsami, tsamin kuma shi ke sa madarar ta daskare ta yi kauri. Sun fi yin aiki tsakanin digiri 42 zuwa 45, inda sukan gama cikin sa'o'i 4 zuwa 6. Idan zafin ya sauko zuwa talatin da 'yan kai, aikinsu yakan ja jiki, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba su sami damar yaɗuwa. Idan kuma ya haura 50, sai su raunana, madarar ta tsinke. Bargo ba ya ƙara zafi, rage saurin ficewarsa kawai yake yi, don haka sakamakon aikin Hajiya ya rataya ne a kan yanayin daren da aka samu.

Ɗanta, wanda ke karatu a makarantar fasaha, shi ya kawo shawarar sayen na'urar daidaita zafi, kuma ya sayo samfurin da ake kira STC-1000. Wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ake ƙerawa a ƙasar Sin, ba ta kai tafin hannu ba, tana da allon lambobi da maɓallai huɗu a gaba. An ƙirƙire ta ne domin firji da ɗakunan sanyi, amma waɗanda suka yaɗa sunanta a duniya su ne masu haɗa giya a gida a Amurka da Ingila da Ostareliya, domin yis ɗin da suke amfani da shi yana buƙatar tsayayyen zafi na kwanaki da dama, wani nau'in wajen digiri 18 zuwa 20, wani kuma wajen 10. Sukan sa tulun nasu a cikin tsohon firji, su jona firjin a ɓangaren sanyi na na'urar, su jona ɗan abin ɗumama a ɓangaren zafi, na'urar ta riƙa kunna wannan ko wancan. Da yawa daga cikin zanen haɗa waya da mutum zai ci karo da shi daga wurinsu ya fito, kuma zane ne mai kyau ta fuskar lantarki. Sai dai buƙatarsu zafi ɗaya ne tsayayye na tsawon mako ɗaya ko biyu, alhali mai yogot tana buƙatar ɗumi na 'yan sa'o'i sannan sanyi mai sauri, kuma wannan bambanci ya yi tasiri a kan yadda aikin ya ƙare.

A bayan na'urar akwai ramuka takwas masu sukurori. Na 1 da na 2 su ne hanyar da ita kanta ke samun wutar da za ta yi aiki, kuma wajibi ne a duba jikinta tun a shago, saboda akwai mai bolt 220, akwai mai 110, akwai mai 12 da mai 24, kuma kamanninsu ɗaya. Na 3 da na 4 na sansa ne, wato ɗan baƙin kan da ke jin zafi a ƙarshen siririyar waya. Na 5 da na 6 ɓangaren zafi ne, na 7 da na 8 ɓangaren sanyi. Akwai masu kwaikwayon samfurin da ke sauya wannan jeri, don haka zanen da ke manne a saman na'urar shi ne abin bi, ba wanda aka gani a wani wuri ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ramuka na 5 zuwa na 8 ba sa ba da wuta ko kaɗan. A cikin kowane biyu akwai rile, wato makunni mai buɗewa da rufewa da kansa, wanda aka rubuta masa amp 10. Kamar kan famfo ne da ba a haɗa shi da bututu ba: ko an murɗa shi ba abin da zai zubo sai an kawo masa ruwan daga wani wuri.

Rashin sanin wannan shi ya jawo asarar farko. Yaron ya sami tsohuwar firiza mai buɗewa ta sama wadda kwampiresonta, wato injin da ke sanyaya ta, ya mutu, ya yanke shawarar mayar da ita akwatin ɗumi, kuma wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, domin bangon firiza ya fi kowane bargo riƙe zafi. Ya sa ƙwan fitila mai wat 100 a ciki, ya ɗauki wayoyin ƙwan guda biyu ya ɗaure ɗaya a rami na 5 ɗaya a na 6. Allo ya kama, lamba ta fito, aka ji ƙas ɗin rile, ɗigon hasken ɓangaren zafi ya haska, amma ƙwan bai kama ba. Da ya ga haka, sai ya yi tsammanin ɓangaren yana buƙatar tasa wutar, ya jawo layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, ya sa a na 5, ya jawo nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, ya sa a na 6. Da rile ɗin ya rufe, sai wayoyin biyu suka haɗu kai tsaye ba tare da wani kaya a tsakaninsu ba, aka ji fat, fis ɗin fulogi ya ƙone. An sauya fis, an kira wani mai gyaran wuta na unguwa, shi kuma ya gyara haɗin ta yadda ƙwan ya kama, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba wanda ya lura cewa wutar da ta ratsa rile ɗin a wancan lokaci ta narkar da leɓɓansa biyu ta manne su. Na'urar tana karanta zafi daidai, tana kashe ɗigon haskenta idan an kai lambar da aka saita, amma makunnin da ke cikinta ya riga ya zama waya miƙaƙƙiya. Aka sa madara lita 20 da daddare, wuta kuma ta kwana ba a ɗauke ba, abin da ba a saba ba, ƙwan yana ci har asuba a cikin rufaffiyar firiza. Da safe Hajiya ta tarar da bokitin da zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, madarar ta dunƙule gaya-gaya tana iyo a cikin ruwa mai launin ɗorawa. A nan ne aka neme ni a matsayina na injiniya.

Gwajin da ya tona matsalar bai ɗauki lokaci ba. Na zare fulogi daga bango, na kwance wayoyin da ke rami na 5 da na 6, na ɗora bakunan mitar gwajin waya a kansu. Na'urar da ba ta da wuta, ya kamata rile ɗinta ya kasance a buɗe, amma mita ta yi ƙara, alamar hanya a haɗe take. Na kuma lura da wani abu a aikin mai gyaran da ya fi damuna fiye da madarar da ta lalace: nutural ya ratsa ta cikin rile, layif kuwa ya tafi kai tsaye zuwa mazaunin ƙwan. A irin wannan haɗi ƙwai yana kamawa yana mutuwa yadda ake so, amma ko a lokacin da yake a kashe, mazauninsa cike yake da wuta, a cikin akwati mai bangon ƙarfe da danshi, inda mace ke zura hannu jiƙe tana ɗauko bokiti, kuma babu wayar ƙasa ko ɗaya a jikin firizar, wato wayar kariya da ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan ta zubo a jikin ƙarfe. Ina ganin wannan shi ne kuskure mafi haɗari a duk aikin, kuma shi ne wanda ba ya nuna kansa sai ranar da ya kama mutum.

Aka sayo sabuwar na'ura, muka sake haɗin daga tushe a cikin akwatin roba mai murfi, ta yadda ba wani sukuri mai wuta da ke fili. Wuta tana shigowa ta waya mai ciki uku mai faɗin sukwaya milimita 1.5, da fulogi mai fis a ciki. Kafin a taɓa komai sai da na gwada soket ɗin bangon da tasta, saboda a gidaje da yawa ana juya layif da nutural a bango, kuma idan haka ta faru duk kulawar da aka yi a cikin akwati ta tashi a banza. Layif, wanda ja ne a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo, yana shiga mahaɗi ya rabu uku: reshe ɗaya zuwa rami na 1, ɗaya zuwa na 5, ɗaya zuwa na 7. Daga na 6 waya ta fita zuwa bakin layif na soket ɗin zafi, daga na 8 wata ta fita zuwa bakin layif na soket ɗin sanyi. Nutural, baƙi ko shuɗi, yana zuwa rami na 2 da kuma soket ɗin biyu kai tsaye ba tare da ya bi ta rile ba. Wayar ƙasa ita ma tana tafiya kai tsaye zuwa soket ɗin biyu, sannan muka ɗaura wata a jikin ƙarfen firizar. Mun yi amfani da soket guda-guda har biyu, domin soket mai baki biyu na gidajenmu layif ɗinsa a haɗe yake daga ciki, na'urar ba za ta iya kunna baki ɗaya ta bar ɗaya ba. Wayar sansa ba ta da gaba ko baya, kowace ta shiga na 3 ko na 4, amma mun bi da ita ta wata kafa dabam nesa da wayoyin wuta, kuma na ja kunnen yaron cewa idan layif ya taɓa waɗannan ramuka biyu, na'urar ta tafi ke nan.

Saboda abin da ya faru, ban yarda a sake dogara ga rile shi kaɗai ba. Na sa ƙaramin makunnin kariya mai kama da maɓallin riga, irin wanda ake samu a tukunyar shinkafa ta lantarki da injin dafa ruwa, wanda ke yanke wuta da kansa idan ya ji digiri 60, a jere da layif ɗin ƙwan, a manne a saman cikin firizar. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma idan rile ya sake mannewa, shi zai hana akwatin zama tanda. Na kuma rage ƙarfin ƙwan zuwa wat 60. Lissafin da ya sa na yi haka mai sauƙi ne, kuma ya kamata duk mai irin wannan aiki ya san shi. Ɗaga zafin madara lita 20 da digiri ɗaya yana cin kusan kilojul 80, wato jul 80,000 a ma'aunin makamashi, ƙwai mai wat 100 kuma yana ba da jul 100 a daƙiƙa, wato yana buƙatar kimanin minti 13 kafin ya ƙara digiri ɗaya tak, ko da ba abin da ke zurarewa. Ke nan idan aka sa madarar tana digiri 30 ana jiran ƙwai ya kai ta 43, za a yi kusan sa'o'i 3 ana jira, irin kuma yana zaune a cikin zafin da bai dace da shi ba. Amma idan aka bar wannan ƙwan yana ci a kan madarar da ta riga ta kai 43, cikin sa'o'i biyu zuwa uku ya haurar da ita 50. Aikin ƙwan shi ne mayar da ɗan zafin da ke sulalewa ta bango, wanda ba shi da yawa a firiza mai lafiyayyen robar murfi. Madarar kuwa dole ta shiga akwatin tana kan zafinta, don haka na ce wa Hajiya ta ajiye gwajin yatsa ta sayi ma'aunin girki mai tsinken ƙarfe, ta zuba iri a digiri 44 ko 45, ta kuma kunna akwatin tun tana jiran madarar ta huce. Dole ƙwan ya zama na tsohon yayi mai siririn zare a ciki, wanda yanzu sai an nema a kasuwa, saboda ƙwan zamani mai tsimin wuta haske yake bayarwa, zafinsa ba ya ɗumama komai. Mun zaunar da shi a mazauni na tangaran, muka kifa masa gwangwanin madara da aka huhhuda don kada ɗigon ruwa ya fasa shi, nesa da bango da bokiti, muka ƙara 'yar fanka da ke juyawa kullum tana gauraya iskar ciki.

Daga nan sai batun da, a ganina, ya fi kowane muhimmanci bayan tsaron rai, wato inda za a ajiye sansa. Na'urar ba ta san akwai madara a duniya ba, zafin wannan ɗan baƙin kan kawai ta sani, kuma shi take ƙoƙarin riƙewa. A haɗin farko an bar shi yana lilo a iska kusa da ƙwan. Iska ba ta da nauyin riƙe zafi, ƙwai na kamawa ta ɗumama cikin minti ɗaya ko biyu, na'ura ta kashe, ta huce, na'ura ta kunna, haka za a kwana ana ƙas-ƙas ana cinye ran rile, alhali bokitin da ke can gefe yana iya zama ƙasa da lambar allo da digiri biyu ko uku. Yaron ya ce to a tsoma shi cikin madarar kawai. Ban amince ba, saboda ba a yi roba da wayar sansar don su shiga abinci ba, wurin da kan ya haɗu da waya yana ɓoye dauɗar da wanki ba ya fitarwa, danshi kuma yakan shiga ta nan ya ɓata karatun bayan wani lokaci. A nan dabarar masu haɗa giya ta yi mana amfani yadda take. Su sukan manna sansar a jikin tulun daga waje, su rufe ta da abin da zai raba ta da iska. Haka muka yi: muka manna kan a tsakiyar tsayin bokitin, ƙasa da inda madarar ta tsaya, a ɓangaren da ba ya kallon ƙwan, muka ɗora masa yankin soson katifa mai faɗin tafin hannu, muka zagaye da robar tayar babur ta matse shi. Ta haka abin da yake ji ya fi kusa da zafin madarar. Mun gwada da ruwan ɗumi kafin a sa madara, muna kwatanta allo da ma'aunin da aka tsoma tsakiyar bokitin, bambancin bai kai digiri ɗaya ba.

Saitin na'urar abubuwa huɗu ne kawai. Ana danne maɓallin S na daƙiƙa 3 har F1 ta fito, a yi amfani da kibiyoyin sama da ƙasa wajen zaɓen wanda ake so, a danne S tare da kibiya don sauya lamba, sannan a taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya domin ta adana. Wanda ya manta wannan taɓawa ta ƙarshe zai tarar da tsohon saiti ya dawo. F1 ita ce zafin da ake nufi, mun sa 43. F2 ita ce tazarar da ake bari kafin na'urar ta motsa, ana iya sa ta daga 0.3 zuwa 10. Mun sa 1, ma'ana ƙwai zai kama idan zafi ya sauko 42, ya mutu idan ya koma 43. F3 jinkiri ne na kwampireso, bai shafi ƙwai ba. F4 ta gyaran karatu ce, idan sansar tana ƙari ko ragi. Masu giya sukan gwada ta da ruwan ƙanƙara, wanda ke kan sifili, amma mu da ke aiki a wajen 43 mun fi buƙatar gaskiyarta a can, don haka muka haɗa ruwan ɗumi mai kimanin digiri 40, muka tsoma kan sansar cikin leda tare da ma'aunin zafin jiki na kemis, wanda a wannan zango ya fi na'urar daidaito nesa ba kusa ba. Mun sami ragin kusan rabin digiri, muka cike shi a F4. Na kuma nuna musu cewa idan allo ya rubuta EE yana ƙara, wayar sansa ce ta tsinke ko ta kwance.

Da wannan aka shawo kan koken hunturu. Madarar tana kamawa cikin sa'o'i biyar zuwa shida, kuma ko an ɗauke wuta a tsakiya, lita 20 a cikin rufaffiyar firiza ba ta saurin hucewa, musamman da muka ƙara jarka biyu na ruwan zafi mai kimanin digiri 45 a gefe. Na'urar tana riƙe saitinta idan wuta ta tafi, ta ci gaba daga inda take idan an dawo da ita.

Koken bazara kuwa na'urar ba ta taɓa shi ba, domin ba a wurin ɗumi yake ba. STC-1000 ba ta da agogo kuma ba ta ɗanɗano, za ta riƙe 43 har gobe idan ba a zo an ɗauke bokitin ba. Da na bi sawun aikin Hajiya, sai na ga tana barin yogot ya kwana har safiya ko da ya kama tun tsakar dare, sannan ta ɗauki bokitin ɗungurungum ta sa a firizarta mai aiki. Ƙwayoyin ba sa tsayawa don an rufe murfin firiza, sai sanyi ya ratsa su sosai, tsakiyar lita 20 kuwa tana iya yin sa'o'i masu yawa tana ɗumi, tsami yana ƙaruwa. Maganin bai buƙaci waya ba: a fara aikin da rana ko da yamma ta yadda lokacin kamawa zai zo ana farke, a duba daga sa'a ta huɗu, da ya kama a tsoma bokitin cikin baho mai ruwan ƙanƙara, a dama, a ɗura a goruna, su ne sanyi ke ratsawa da wuri. Na kuma ba ta shawarar ta riƙa sabunta iri daga sabon yogot marar sukari lokaci-lokaci, saboda irin da aka daɗe ana juyawa yakan karkata zuwa tsami.

Yaron ya so a bi tsarin masu giya har ƙarshe, a mayar da ƙwan cikin firiza mai aiki, na'ura ɗaya ta riƙe duka biyun, in ya so idan yogot ya kama sai a sauke F1 daga 43 zuwa 4. A takarda abin yana da kyau, amma na hana. Da an sa madara mai digiri 45 a saitin 43, kwampireso zai tashi ya sanyaya bango, zafi ya faɗi ƙasa da 42, ƙwai ya kama, su kwana suna ja-in-ja ana ƙona wuta. Ban da haka, tilasta wa ƙaramar firizar gida ta janye zafin akwati da madara daga 43 a ɗakin da shi kansa ya haura digiri 35 a watan Afrilu, hanya ce ta gajarta ran kwampireso. Muka bar soket ɗin sanyi na akwatin farko ba kowa a kansa, aka sayi na'ura ta biyu domin firizar ajiya.

A wannan ɓangaren F3 ce ke da nauyi. Idan kwampireso ya tsaya, matsin gas ɗin da ke cikinsa yana buƙatar 'yan mintuna kafin ya daidaita, kuma idan aka tashe shi kafin haka sai ya yi gurnani ya kasa juyawa, yana jan wuta ninkin abin da ya saba. A gidan da ake ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙoƙi, ko a sauya zuwa janareta, wannan jinkiri kaɗai ya isa dalilin sayen na'urar. Ana iya sa shi daga minti 1 zuwa 10, mun sa 10, kuma ɗigon hasken sanyi yana ƙyaftawa muddin ana cikin jiran. Firizar ƙarama ce, abin da take ja a tafiya bai kusanci amp 10 ba, don haka rile ɗin na'urar ya isa, amma ga babbar firizar shago da na sa kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, a tsakani, rile ya riƙa kunna kwantaktar ita kuma ta ɗauki nauyin, domin wutar da kwampireso ke fizga a lokacin tashi ita ke cinye leɓɓan rile, ƙarancin bolt kuma yana ƙara tsananta ta. Mun murɗa ma'aunin firizar na asali zuwa ƙarshen sanyi don kada ya shiga tsakani, muka sa F1 a kan 3 da F2 a kan 2, muka manna sansar a jikin gorar ruwa a tsakiyar kaya, nesa da bangon da bututun sanyi ke bi. Firizar da ba ta daskarewa tana tara ruwa a ƙasa, don haka sai an riƙa buɗe toshiyar magudanar ana tsane shi.

Yogot ɗin da aka riƙe a digiri 3 zuwa 5 ya fi santsi, ba ya tsinkewa irin wanda ya daskare ya narke, kuma masu shago sun lura da hakan. Amma a nan muka yi karo da abin da zanen ƙasashen waje bai tanada ba. Firizar da ke cike da daskararrun goruna tana iya jure yini guda ba wuta, wadda ke kan digiri 4 kuwa ba ta da wannan ajiyar sanyi, cikin 'yan sa'o'i kaya sun fara ɗumi. Hajiya ta ce da ni, "Injiniya, santsi ba zai biya ni kuɗin madara ba idan aka kwana biyu ba wuta," kuma gaskiyarta ce. Abin da aka tsaya a kai shi ne, a makon da wuta ke zama, firizar tana kan na'ura, ana kuma jera ƙanƙarar saye a ƙasanta idan an ga alamar ɗaukewa. Idan layin unguwar ya shiga halin da ya saba shiga a tsakiyar bazara, sai a sauke F1 zuwa digiri 10 ƙasa da sifili a bar kayan su daskare, na'urar ta ci gaba da tsare kwampireso da jinkirinta, a karɓi ɗan tsinkewar da za a samu idan gorunan sun narke a shago.